LAFIYA UWAR JIKI: Masana na neman maganin ciwon sukari tun daga tushe

A da, in an ce ciwon sukari, sai a ce ciwon ƴan birni ne, ciwon masu cin maiƙo da zaƙi. Yau magana ta sake. Ciwon ya shiga ƙauye, ya shiga ruga. Ana ganin manomi mai ƙarfi yana ramewa, ga shi kuwa yana cin abinci. Ana ganin tsohuwa da miki a ƙafa wata da watanni bai warke ba. Ana ganin yaro yana kwana shan ruwa da fitsari, har ya kasa bin awaki.

Ƙungiyar duniya mai kula da wannan ciwo ta yi lissafi a shekarar 2021. Ta tarar manyan mutane miliyan 537 suna ɗauke da shi. Miliyan 24 daga cikinsu a Afirka suke, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba.

A ƴan shekarun nan, ana jin labari a radiyo da salula cewa an samu maganin da ke kawar da ciwon sukari. Cikin wannan labari akwai gaskiya, akwai kuma ƙari. Filin wannan wata zai rarrabe aya da tsakuwa.

Mine ne ciwon sukari?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina gida da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da rai, kuma tana bukatar abinci. Abincinta shi ne sukari.

Tuwo, fura, shinkafa, rogo da dankali, in sun shiga ciki, jiki yana narkar da su su koma sukari. Sukarin ya shiga jini. Jini ya kai shi ƙofar kowace ƙwaya. Amma ƙofar a rufe take, sai da mabuɗi. Mabuɗin wani ruwa ne da jiki ke yi, sunansa insulin.

In babu mabuɗi, sukari ya taru cikin jini, ƙwayoyi kuwa suna kwana da yunwa. Kamar iyalin da ke zaune gindin rumbu cike da hatsi, amma babu hanyar buɗe shi. Shi ya sa mai ciwon yake ci yana ramewa. Sukarin da ya yi yawa yana zubowa cikin fitsari, har tururuwa su taru a wurin. Masu maganin ƙasar Indiya sun lura da wannan alama tun zamanin da. In an daɗe a haka, sukarin yana ɓata ido, da ƙoda, da zuciya, da jijiyoyin ƙafa.

Wurin da ake yin insulin wata tsoka ce mai laushi, doguwa, tana kwance bayan tumbi, manne da farkon hanji. Mahauta suna ganinta kullum in sun feɗe rago ko sa. Likitoci suna ce mata pankiriyas. A cikinta akwai ƙananan tarin ƙwayoyi kusan miliyan 1, warwatse kamar tsibirai a cikin kogi. Su ne masu yin insulin. Suna auna sukarin jini dare da rana. In ya hau, su saki insulin. In ya sauka, su dakata.

Ciwon iri 2 ne manya. Iri na farko ya fi kama yara da matasa. A nan, dakarun jiki, waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, su ne ke ruɗewa su kashe ƙwayoyin insulin. Kamar karen da aka ajiye don tsaron garke, ya juya yana cizon tumakin gida. Mai wannan iri ba ya rayuwa sai da allurar insulin kowace rana. Iri na biyu ya fi kama manya. Insulin yana nan, amma ƙofa ta cije, mabuɗi ba ya aiki sosai, daga baya kuma masu yinsa su gaji. Cikin masu ciwon sukari 10, wajen 9 irin na biyu gare su.

Yadda shanu suka ceci rayuka

A shekarar 1869 wani ɗalibin likita a birnin Balin na Jamus, Paul Langerhans, ya fara ganin tsibiran nan da madubi. Bai san aikinsu ba. A 1889 wasu likitoci 2, Minkowski da von Mering, suka cire pankiriyas ɗin wani kare. Karen ya kamu da ciwon sukari. Nan aka gane inda tushen ciwon yake.

A 1921, a birnin Toronto na Kanada, likita Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka tatso insulin daga cikin wannan tsoka. Wani masani, James Collip, ya tace shi. A watan Janairu na 1922 aka yi ma wani yaro allurar farko. Yaron yana bakin mutuwa, ya tashi. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da iri na farko ba ya daɗewa a duniya. Masu aikin suka sayar da haƙƙin maganin ga jami'ar Toronto a kan dala 1 kowanensu, don kada a tsawwala wa marasa lafiya.

Shekara 60 ana tattara wannan tsoka daga mayankar shanu da aladu ana tatsar insulin. Dabba ta ba da nama, ta ba da fata, ta kuma ba da magani. A 1978 masana a Amurka suka koya ma wasu ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ido ba ya gani, yin insulin irin na mutum. A 1982 aka fara sayar da shi. Ranar 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ita ce ranar ciwon sukari ta duniya.

Amma allura ba ta warkar da ciwo. Riƙon rai take yi. Mutum ne ke auna ta da hannu. In ta yi kaɗan, sukari ya hau. In ta yi yawa, sukari ya faɗi ƙasa, mutum ya yi makyarkyata, ya suma, wani lokaci ya mutu cikin barci. Saboda hakanan masana suka ce: maimakon a riƙa kawo ruwa da tulu kullum, a gyara rijiyar.

Dashe, da matsalolinsa

Mai lambu ya san dashe. Ana ciro albasa daga wurin yayyafi a kai ta fage. Likitoci sun gwada hakanan da tsibiran insulin. A shekarar 2000, a birnin Edmonton na Kanada, likita James Shapiro ya ɗebo tsibirai daga jikin mamatan da aka yarda a yi amfani da gaɓoɓinsu, ya zuba su cikin hantar marasa lafiya 7. Dukansu suka bar allura. Amma bayan ƴan shekaru, da yawa daga cikin waɗanda aka yi ma irin wannan dashe sun koma ga allura.

Matsala 2 suka fito fili. Ta farko, iri bai isa ba. Mutum 1 yakan bukaci tsibiran mamata 2 ko fiye. Ta biyu, dakarun jiki ba su son baƙo. Sai an riƙa shan magani mai kwantar da su har iyakar rai. In kuwa aka kwantar da dakaru, kowace cuta ta samu ƙofa.

Ƙwayar asali

A nan ne maganar ƙwayar asali ta shigo. Kowane mutum daga ƙwaya 1 ya fara a cikin mahaifa. Ita ce ta yi ta rabuwa, har wasu ƙwayoyi suka zama ƙashi, wasu jini, wasu ido, wasu tsibiran insulin. Ƙwayoyin kwanakin farko, waɗanda ba su zaɓi aiki ba tukuna, su ake kira ƙwayoyin asali.

Misalinsu yumɓu ne a hannun maginiyar Mirya. Da shi za ta yi tulu, da shi za ta yi randa, da shi za ta yi kasko. Amma in ta gasa, tulu ya zama tulu ke nan. Haka ƙwayar fata: ta gama gasuwa, aikin fata kaɗai ta iya.

Ko a jikin babba akwai ragowar irin waɗannan ƙwayoyi, sai dai aikinsu kaɗan ne. Na cikin ɓargo su ne ke yin sabon jini kullum. Shi ya sa a manyan gidajen likita na duniya ake dashen ɓargo ga wasu masu ciwon sikila.

A 1998 James Thomson, a jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya iya renon ƙwayoyin asali na mutum a cikin kwalba. Ya samo su daga ƙwan mace da aka haɗa da maniyyi a gidan likita don taimakon marasa haihuwa, wanda ya yi saura, mai kwana 5 ko 6. Wannan ya tayar da gardama mai zafi tsakanin malaman addini, da hukumomi, da masana. A 2001 gwamnatin Amurka ta taƙaita kuɗin da take sakawa cikin aikin.

Sai ga wata hanya daga Japan. A 2006 Shinya Yamanaka, na jami'ar Kyoto, ya ɗauki ƙwayar jikin ɓera, ya saka mata umarnin gado iri 4, ta koma ƙwayar asali. A 2007 ya yi hakanan da ƙwayar fatar mutum. Watau ya mai da gasasshen tulu ɗanyen yumɓu. A 2012 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, shi da John Gurdon na Ingila. Daga nan aka san ana iya samun ƙwayar asali daga jikin mara lafiya da kansa.

Uban da ya sake sana'a

Samun yumɓu daban, iya gini daban. Saura a koya ma ƙwayar asali ta zama mai yin insulin.

A lokacin, Douglas Melton malami ne a jami'ar Harvard ta Amurka. Da fari binciken ƙwan kwaɗi yake yi. A 1991 aka tarar ɗansa, jariri mai wata 6, yana da ciwon sukari iri na farko. Daga baya ƴarsa ma ta kamu, tana da shekara 14. Melton ya ajiye kwaɗi, ya koma neman maganin ciwon ƴaƴansa.

Aikin kamar rini ne. Ana tsoma ƙwayoyi cikin ruwan magani na farko kwana kaza, a sake na biyu, a sake na uku, bi da bi, yadda abin ke tafiya a cikin mahaifa. In aka kuskure ma'auni ko rana, duka ya lalace. Shi da ɗalibansa sun yi wajen shekara 15 suna gwadawa suna faɗuwa. A 2014 suka ba da sanarwa: sun samu ƙwayoyi miliyoyi a cikin kwalba, waɗanda in aka zuba masu sukari sai su saki insulin. An dasa ma ɓeraye masu ciwon, sukarinsu ya sauka.

Melton ya kafa kamfani mai suna Semma. A 2019 wani babban kamfanin magani, Vertex, ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan 950, watau sama da miliyar 500 na kuɗin sefa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna tsadar aikin.

Abin da gwaji ya nuna

A 2021 aka fara zuba ma mutum waɗannan ƙwayoyi, ta jijiyar da ke shiga hanta. Ba kowane mai ciwo aka ɗauka ba. An zaɓi masu iri na farko waɗanda sukarinsu ke faɗuwa ba tare da sun ji alama ba, masu yawan suma.

A watan Yuni na 2025 aka bayyana sakamako. Mutum 12 aka ba cikakken ma'auni. Bayan shekara 1, dukansu jikinsu na yin insulin, kuma suman nan mai haɗari ya bar su. Mutum 10 daga cikinsu sun bar allura gaba ɗaya. Amma cikin mutum 14 da suka shiga gwajin, 2 sun rasu. Ɗaya ciwon sanƙarau ne ya kashe shi, irin wanda ke samun mai raunin dakarun jiki. Ɗayan ciwon ƙwaƙwalwa ne da yake da shi tun da fari. Kuma dukan waɗanda aka yi ma dashen sai sun ci gaba da shan maganin kwantar da dakaru.

A ƙasar Sin ma an yi aiki. Masani Deng Hongkui, na jami'ar Pekin, shi da likitocin birnin Tianjin, sun ɗebi ƙwayoyin kitse daga jikin wata mata mai shekara 25. Suka mai da su ƙwayoyin asali, sannan suka mai da su tsibiran insulin. A watan Yuni na 2023 suka dasa mata su a naman cikinta. Bayan kwana 75 ta bar allura, kuma ta wuce shekara ba ta koma ba. Sai dai ita ma tana shan maganin kwantar da dakaru, don an taɓa yi mata dashen hanta. A birnin Shanghai kuma, wani mutum mai shekara 59, mai iri na biyu, ya bar allura mako 11 bayan dashen da aka yi masa a 2021. Waɗannan labarai ne na mutum ɗaya-ɗaya. Manomi ba ya yanke hukuncin sabon iri daga zangarniya 1.

Abin da ya rage

Babban aiki shi ne karen nan mai cizon tumakin gida. Kamfanin Vertex ya gwada ɓoye ƙwayoyin cikin ƙaramar jaka da dakaru ba su iya shiga. Insulin ɗin da suka yi bai isa ba, aka dakatar da gwajin a 2025. Wasu masana kuma suka gyara umarnin gado na tsibiran wani mamaci yadda dakaru ba za su gane su ba. A birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, likitoci suka dasa ma wani mutum su a tsokar hannu, ba tare da maganin kwantar da dakaru ba. Ƙwayoyin sun rayu suna yin insulin, amma kaɗan aka saka, mutumin bai bar allura ba.

Akwai kuma tsoron kada ƙwayar da ba ta gama gasuwa ba ta yi ta rabuwa ta zama ƙari a jiki. Shi ya sa ake sa ido kan waɗanda aka yi ma dashe shekara da shekaru. Har ƙarshen 2025 wannan magani yana matakin gwaji, ba a sa shi kasuwa ba. Kuma an fi nufin masu iri na farko da shi. Mafi yawan masu iri na biyu, maganinsu yana ga abinci, da motsa jiki, da ƙwayar da likita ke rubutawa.

Hattara da ƴan damfara

Inda duk aka ji ƙamshin magani, macuta na biye. Akwai masu yawo kasuwa-kasuwa, da masu talla a salula, suna sayar da gari ko ƙwaya ko ruwan kwalba, suna cewa ƙwayar asali ce. Ƙarya ce. Ƙwayar asali abu ne mai rai. Ba ta rayuwa cikin leda a rana. Ko da an haɗiye ta, ciki zai narkar da ita kamar nama. Ta ganye ko ta ƴaƴan itace kuwa ba ta zama tsokar mutum.

Kada a sayar da sa ko buhun wake a ba irin waɗannan mutane. Asarar kuɗi ma da sauƙi. Babbar asara ita ce a bar maganin likita saboda su. Yaro mai iri na farko, in aka tsai da allurarsa, cikin ƴan kwanaki yana iya rasa ransa.

Abin yi tun yanzu

A san alamomi: yawan ƙishirwa, yawan fitsari har da dare, rama, kasala, gani dishi-dishi, mikin da ba ya warkewa, jin ƙafa kamar ta mutu. Wanda ya ga haka ya tafi likita da safe, kafin ya ci komi. Ɗigon jini 1 daga yatsa ya isa. In awo ya kai giram 1,26 cikin lita, aka sake wata rana ya nuna hakanan, to ciwon ne. Mai shekara 40 zuwa sama, da mai ƙiba, da wanda ciwon ke cikin danginsa, da macen da ta haifi jariri mai nauyin fiye da kilo 4, su yi awo ko ba su jin komi.

A rage sukari cikin shayi, da koko, da fura. A rage lemun kwalba. A daidaita tuwo da shinkafa, a yawaita wake, da zogale, da rama, da kuɓewa, da sauran ganye. Wanda ya bar noma ya zauna shago ya riƙa tafiya da ƙafa kowace rana.

Mai ciwon ya duba ƙafafunsa kowane maraice. Kada ya shiga gona ko daji ba takalmi. Ƙaya 1 tana iya zama sanadin yanke ƙafa. Kafin azumi ya nemi shawarar likita.

Mai allura, in babu firigo, ya sa kwalbar insulin cikin ƙaramin tulu, ya sa tulun cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya ajiye a inuwa. Ana yin haka a Sudan da wasu ƙasashe masu zafi. Binciken da likitocin agaji na MSF da jami'ar Janeba suka bayyana a 2021, bisa yanayin wani sansanin gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Zafin bazarar Tawa da Damagaram yakan wuce haka, saboda hakanan tulu da inuwa wajibi ne.

Iyalin mai allura su san wannan: in ya fara gumi da makyarkyata da ruɗewa, sukarinsa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komi, a gaggauta kai shi likita.

Daga allurar farko ta 1922 zuwa dashen 2021, shekara 99 ke nan. Masana na can suna aikinsu, kuma sun yi nisa. Wanda ya kiyaye idonsa, da ƙodarsa, da ƙafarsa yau, shi zai amfana in sabon magani ya iso. Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa wannan shafi. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye masu lafiya.